Jar Mota Mai Fulogi Shida

Na yi shekara ashirin da wani abu ina buga bodin mota a Ƙanƙara. Yawancin aikina motocin kasuwa ne: akori-kura masu ɗaukar masara, da ƙananan bas da ke zirga-zirga tsakanin Pauwa da Mabai da cikin gari. Idan mota ta lotse in buga ta ta miƙe, idan ta tsage in yi walda, in shafa fenti. Ba a cika tambayata kyau ba, mai mota dai yana so ƙofa ta rufu.

Wata ranar Talata da hantsi wata jar mota ta tsaya a bakin rumfata. Gajeruwa ce ƙwarai, hancinta dogo, kujeru biyu kacal, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya. Wanda ya fito daga ciki dattijo ne da ya haura saba'in, da farar riga da carbi a hannu. Na san shi sama-sama. Tsohon malamin dabbobi ne daga Faskari, ya daɗe da yin ritaya. Ɗansa da ke aiki a Legas ne ya aiko masa da motar, Beljiyam ce, wato an hau ta a Turai, amma tana da lafiya. Ba ya zuwa ko'ina da ita sai masallacin Juma'a da gonarsa, wani lokaci kasuwa.

Bayan mun gaisa ya zagaya da ni gefen hagu. Fendar baya, wato ƙarfen da ke lulluɓe da taya, ta murɗe ta yage tun daga ƙofa har fitila.

"Alhaji, mi ya same ta?" na tambaye shi.

"Amalanken shanu," in ji shi. "Sa ya firgita a kasuwa. Ba laifin kowa ba ne. Za ta gyaru?"

Na shafa wurin, na ce bugu ba zai yi ba, gara a nemo wata fendar a canza. Na lura da noti aka ɗaure ta, ba walda ba, don haka cirewa ba wuya. Samunta ne aikin, domin ban taɓa ganin irin motar a ƙasarmu ba.

Bayan kwana huɗu wani direban akori-kura ya ce mini ya ga irinta a Sabuwa, a gidan wani mai sayen hatsi, ta yi shekaru a ajiye. Na buga wa Alhaji waya. Washegari muka shiga motar haya tare muka tafi.

Motar Sabuwa baƙa ce, tayoyinta sun sace, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin kwana. Mai ita ya ce injin ne ya buga, makanikai uku sun gwada sun haƙura. Na zagaya ta sau biyu. Fitilu iri ɗaya, ƙofofi iri ɗaya, hancin nan dogo, komai kamar ta Alhaji. Na ɗaga bonet na leƙa don ganin ido kawai, na rufe. Tef ɗin awona yana aljihu, ban fito da shi ba. Alhaji da mai motar suka daidaita kuɗi tsakaninsu, na kwance fendar, muka ɗaura ta a saman mota muka dawo kafin la'asar.

Da safe na cire tsohuwar na ɗora sabuwar. Wajen ƙofa ta zauna daidai, ramukan noti suka haɗu. Da na zo baya sai abu ya ƙi. Bamba ta fito waje ta bar fendar a ciki, tsakaninsu rata da zan iya zura hannu. Taya ma ta leƙo waje kamar ba tata ba. Na sassauta, na tura, na sake ɗaurewa. Na yi zaton ko karon ya karkatar da ƙashin motar ne, na shiga ƙarƙashi na duba, lafiya lau.

Sai a lokacin na ɗauko tef. Na auna daga tsakiyar but, wato murfin baya, zuwa ƙarshen fendar dama, wadda ba abin da ya same ta, sannan na auna hagu. Ta Sabuwa ta gaza da kusan yatsu biyu. Na ja baya na tsuguna ina kallon motar daga nesa. Gefen dama ya kumburo a saman taya, gefen hagu kuwa a shafe yake.

Na buɗe bonet ɗin Alhaji na ƙirga, fulogi shida. Na tuna injin da na leƙa a Sabuwa gajere ne, har da fili a gabansa. Na kira mai hatsin na roƙe shi ya duba mini. Ya ce huɗu ne.

Da Alhaji ya zo na nuna masa. Bai yi faɗa ba. Ya kira ɗansa, ya sa wayar a amsa-kuwwa. Ɗan ya ce haka ne, kamfanin ya yi motar iri biyu. Mai babban injin an buɗa mata ƙafafun baya, an sa mata tayoyi masu faɗi don ta riƙe hanya, shi ya sa aka faɗaɗa bodin ta baya. Mai ƙaramin injin kuwa an bar ta siririya. Ya ce zai nema a Legas, amma irin wannan fendar tana wuya.

Alhaji ya kashe waya ya dube ni. "Malam, ina tsohuwar?"

Na nuna masa inda na jingine ta.

"Kai ka ce ba ta buguwa. Ka gwada ne?"

"Ban gwada ba, Alhaji."

"To gwada. Ba sauri nake ba."

Na mayar wa mai hatsi fendarsa, na ɗaura masa ita da hannuna, na dawo na zauna da tsohuwar. Na lanƙwasa wayoyin ƙarfe guda biyar a jikin fendar dama, kowace a wurinta, suka ɗauki siffar kumburin. Su na riƙa juyawa ina gwadawa a hagu. In gasa ƙarfen da wuta, in buga a kan kututturen itace da na fafe, in gwada, in sake. Inda ya yage na yanko faci daga ƙofar wata tsohuwar mota na yi walda. Kwana tara na yi a kai, ina yi ina sallamar masu akori-kura, wasu na jira wasu na tafiya wani wuri. Fentin ma sai da na haɗa sau uku kafin jan ya yi kusa da na asali.

Ba ta fito cif ba. Idan rana ta bugi gefen za ka ga ɗan tudu kusa da fitila. Na nuna wa Alhaji tun kafin ya gani da kansa. Ya shafa wurin da tafin hannu, ya ce shanun da ya yi wa ɗinki a zamanin aikinsa ma da tabo suka tashi. Ya shiga ya tayar, ya kama hanyar Faskari.

Ya ƙara kamar shekara biyu yana hawanta. Daga nan hanya ta lalace da masu satar mutane, 'ya'yansa suka hana shi fita da ita, suka ce jar mota marar rufi daga nesa ake hango ta. Gonar ma ya daina zuwa. Daga baya na ji za su mayar da shi Katsina da zama.

Ranar da suka tashi sun biyo ta Ƙanƙara. Babbar mota ce cike da katifu da buhunan hatsi, jar motar a can baya an ɗaure ta da igiya. Alhaji yana gaba kusa da direba. Ya sa aka tsaya, na je muka gaisa ta taga. Ya tambayi iyali, na tambayi jiki, ya ce da sauƙi. Direba ya ce rana na yi, suka wuce. Ni kuma na koma kan ƙofar wata bas da mai ita ke jira tun safe.