Yaya Na-Faɗa da Wayar Aljihunsa

Yayana yana da gidan kallon ƙwallo, bango ɗaya ne tsakaninsa da shagona na ɗinki. Ɗaki ne dogo mai rufin kwano, da bencina, da fanka mai kuka, da babbar talabijin da ya ɗaure a bango. Kowa a layinmu Na-Faɗa yake kiransa. Yadda ya samo sunan nan shi ne abin da har gobe nake jin nauyin faɗa.

Da ƙuruciyarsa ɗan ƙwallo ne, kuma ba laifi yana taɓawa. Amma kocinsu ya taɓa cire shi daga wasa a gaban jama'a, ya ce, "Kana da ƙafa, ba ka da ido. Ba ka karanta wasa." Yaya ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, furfura ta fara fito masa, maganar nan tana zaune a ƙirjinsa.

Da iska ta kwashe farantin kama tashoshi da ke kan rufinsa, sai ya koma kama wasa ta intanet. Ya sayi ɗan akwati mai fitilu kore, ya rataye shi jikin taga inda sabis ya fi ƙarfi. Hoto tas, sai dai yana da hali ɗaya: ba ya zuwa a kan lokaci. Kafin wasa ya ratso duk hanyoyin da yake bi ya iso bangon Yaya, an riga an yi abin da za a yi a fili. Jinkirin ba shi da yawa, amma ya ishi mutum ya miƙe ya gyara hula.

A wayarsa akwai manhajar da ke girgiza da zarar an ci ƙwallo, kuma saƙonta yana riga hoto isowa. Sai ka ga ana ta 'yar gurguje a tsakiyar fili, Yaya ya miƙe, ya harɗe hannu, ya ce, "Ku kalli na gefen nan. Wannan ta shiga." Jim kaɗan raga ta motsa. Ɗaki ya kaure, shi kuwa ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai na faɗa."

Wallahi ban san da wayar ba. Ni ne ma babban maroƙinsa. Duk wanda ya kawo mini ɗinki sai na cika masa kunne da cewa yayana yana ganin ƙwallo tun tana ciki.

Labari ya kai kunnen Koci. Wata Asabar da la'asar sai ga shi da sanda, ya tsufa tukuf. Yaya ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya share benci na gaba da hannun rigarsa, ya juya fanka ta fuskance shi.

"Baba, yau za ka gani da idonka," in ji shi.

"Abin da ya kawo ni ke nan, ɗana," Koci ya ce.

Ana cikin wasa sabis ya ja baya. Hoto ya tsaya cak, ɗan zoben nan yana ta juyawa a kan cikin alƙalin wasa. Kowa yana jira. Yaya ya dafa aljihu, ya miƙe, ya buɗe baki. Kafin ya furta komai, wani usur mai ƙarfi ya tashi daga aljihun Koci.

Tsohon ya laluba ya ciro waya. "Ku yi haƙuri, jikata ce ta sa mini wannan abu. In aka ci ƙwallo sai ya busa." Ya kanne ido ya duba. "An ci ma."

Hoto ya dawo, aka ɗan taɓa, raga ta motsa. Babu wanda ya yi ihu. Kowa ya juya yana kallon hannun Yaya, wanda har lokacin yake dafe da aljihu.

Koci ba da mugunta ya yi maganar ba, shi ya sa ta fi ciwo. Ya ce, "Au, kai ma kana da ita? Taka ba ta ƙara ne?"

Na so ƙasa ta tsage. Na sulale na koma shago, na hau keke ina ta dannawa babu ko ƙyalle a ƙarƙashin allura.

Ba a daina zuwa kallo ba, ba a kuma daina kiransa Na-Faɗa ba, sai dai yanzu da 'yar dariya a ƙarshe. Kafin kowane wasa yakan shigo shagona, ya ajiye wayar a kan keken ɗinkina, ya je ya zauna a benci na baya.

Makon jiya na zauna kusa da shi. Ana tsakiyar wasa ya ɗan karkato, ya ce a hankali, "Mai tsaron nan ya fito da yawa. Za su ɗaga masa ta sama." Aka ɗaga, ta shiga.

Wayarsa tana shagona, da hannuna na rufe ta a aljihun tebur. Duk da haka idona ya sauka a kan aljihunsa, kuma ya ga na kalla.