Sallama Uku a Ƙofar Faridatu

Duk wanda ya san ƙanwata Faridatu a unguwarmu ta Sakasaka, da gaisuwa ya san ta. Yarinyar nan ba ta iya wuce mutum. In ka aike ta sayen gishiri, gara ka sauke tukunyarka, don sai ta rusuna wa kowace tsohuwa a layi, ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi jikoki, tana "naa, naa" irin gaisuwar Dagomba har mai amsawa ta gaji. Ni Safiatu, yayarta, ba haka nake ba. Koko da ƙosai nake sayarwa, in na ce ina kwana sau ɗaya, shi ke nan, na koma kan kaskona.

Ba a gidanmu ta samo halin ba. Tun tana ƙarama Mma Hawawu, yayar babanmu, ta ɗauke ta ta riƙe, kamar yadda goggo ke ɗaukar 'yar ƙaninta a nan. A Gbalahi ta tashi, tsakanin gonar gyaɗa da makaranta. Mma ba ta yi boko ba, amma ita ta tsaya kai da fata sai da Faridatu ta gama jami'a. Doka ɗaya ce ba ta wasa da ita. In babba ya yi sallama, ko loma ce a bakinki, ki haɗiye ki amsa.

Faridatu na aiki da wani kamfani mai sayen masara da waken suya daga hannun manoma. Ta san aikin ciki da waje, amma kullum sai a kawo wani daga Accra a ɗora mata a kai, wai shi ne ke da babban digiri na harkar kasuwanci. Abin ya ci mata rai. Ta nemo wata makaranta da za ta ɗauki nauyin karatunta, da sharaɗin ta kai wani maki a jarrabawar shiga. Ta tafi har Accra ta zauna, ta dawo makin bai kai ba. Lokaci ne ya ƙare mata da sauran tambayoyi jibge ba ta taɓa ba.

Richmond, wani malamin lissafi ɗan kudu da ke zaune a unguwar Gumbihini, shi ya gano ciwon. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Sista Farida, lissafi ba matsala. Ke kina gaisuwa da tambaya. In ya ƙi, zaɓi amsa, wuce!" Wallahi na yi dariya har na ƙware, don gaskiya ya faɗa. In tambaya ta yi mata tauri sai ta zauna da ita tana lallashi, ta kasa tafiya.

Daga nan aka ba ni aiki. In ta taso daga ofis da yamma, ni ke riƙe wayar da ke ƙirga lokaci. Da ta yi ƙara sai in daka mata tsawa, "Wuce!" Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan aiki. Ta yi kuka, ta yi fushi, rannan har ta jefe ni da filo. Amma makin gwaji ya yi ta hawa, har Richmond ya ce ta shirya.

Zama na biyu shi ne na ƙarshe, don makarantar na gab da rufe karɓar ɗalibai. Ta zaɓi ta yi a gida ta kwamfuta, tunda wahalar mota ta karya ta wancan karon. Ta karanta mini dokokin. Kamara na kallonta, akwai wani mai sa ido a can wani wuri yana saurare. Ba mai shiga ɗakin, ba ta magana da kowa, ba ta tashi. In ta saɓa ko ɗaya, za a iya soke jarrabawar gaba ɗaya. Na ce, "Ɗaki a kulle da rana tsaka, a gidan haya, a Sakasaka? Allah ya kyauta!"

Na bi ɗaki-ɗaki na gargaɗi kowa. Ranar Asabar ɗin da za a yi jarrabawar, ko wuta ban hura ba. Na jawo benci na kafa a ƙofarta, na haɗe rai. Mai gidan da muke haya ya zo zai yi magana, na yi masa nuni da hannu ya koma. Faridatu ta fito hutun da ake bayarwa a tsakiyar jarrabawar, ta sha ruwa, ta ce saura ɓangaren lissafi, wanda ya kayar da ita a Accra. Ta koma ta murza makulli.

Ba a jima ba na ji yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, ta tsaya a waje. Na ɗaga kai, sai ga Mma Hawawu da ƙullin gyaɗa a ka. Innalillahi! Ashe Faridatu ta kira ta a waya ta ce ta sa ta a addu'a ranar Asabar. A wurin Mma kuwa, addu'ar jarrabawa ba a yin ta daga nesa. Tun daga firamare, sai ta dafa kan yarinyar ta tofa mata. Abin hawa ne ya makarar da ita.

Na ruga na zube a gabanta, na gaishe ta ƙasa-ƙasa, na ce, "Mma, ta riga ta fara. Ba a shiga, ba a magana." Ta dube ni sama da ƙasa. "Wa ke ciki da ita?" Na ce ba kowa, na'ura ce. Ta ce, "To na'ura ce za ta hana ni ganin 'yata? Matsa." Ni da ba na tsoron kowa a kasuwa, sai na kasa tare ta. Ta zagaye ni ta tsaya a jikin ƙofar.

"Salamu alaikum."

Shiru. Na san Faridatu ta ji, don ƙofar katako ce, ko tari ake yi ana ji. Daga baya ta gaya mini cewa bakinta har ya buɗe da kansa, ta cije leɓe.

"Salamu alaikum. Faridatu!"

A lokacin, in ji ta, rubutu ya fito a kwamfutar, mai sa ido na tambaya ko akwai wani a ɗakin. Ta rubuta a'a. Ga tambaya mai tauri a gabanta, ga hawaye ya rufe mata ido, ga lokaci na tafiya. Ni kuwa a waje na riƙe gefen zanin Mma ina roƙo, "Don girman Allah, Mma." Tsoro nake ji, tsoro sosai, don na san ƙanwata.

Mma ta yi sallama ta uku, a hankali. Ta jira. Da ba a amsa ba, ta sauke ƙullin gyaɗar a kan bencina. Ta ce, "Sallama uku ce. In ba a amsa ba, komawa ake yi." Ta fita ba ta waiwayo ba, ko ruwa ba ta sha ba.

Da makulli ya motsa, Faridatu ta fito ido jajur. Makin ya bayyana, ya kai, har ya ɗara. Ta amsa tambayoyin duka. Na buɗe baki zan yi guɗa, ta ce, "Yaya, ta tafi?" Ta tayar da babur, na haye baya rungume da gyaɗar, sai Gbalahi.

Ƙofar Mma a rufe. Faridatu ta cire takalmi ta durƙusa. Ta yi sallama, shiru. Ta sake, shiru. Ta yi ta uku. Ba a amsa ba, ita kuma ba ta tashi ba, ta zauna daɓas a ƙasa cikin rana.

Can sai muryar Mma daga ciki. "An ci, ko ba a ci ba?"

"An ci, Mma."

"Da kin amsa mini fa?"

"Da an soke."

Sannan ƙofar ta buɗe. Mma ta ce, "Wa alaikumus salam. Gara da kika yi shiru. Amma ya yi mini zafi, Faridatu, ban taɓa jin zafi irin na yau ba." Ta dafa kanta da hannu biyu, ta tofa mata addu'ar da ta taho da ita tun safe.