Doka Ta Tara

Mai Jan Biro ake ce mata tun tana koyarwa a sakandare, kuma sunan ya bi ta har gidan da ta buɗe wa matasan da duniya ta yi wa zafi. Ba a banza ta samo shi ba. Mace ce da za ka rubuta mata takardar neman hutu ka ce mahaifinka ba lafiya, sai ta ja layi a ƙarƙashin kalma uku kafin ta ce Allah ya ba shi sauƙi. Amma kuma ita za ta riga ka isa asibitin. Haka Allah ya yi ta, masu aiki da ita sun daɗe da haƙura.

Shekara goma sha huɗu ke nan tana shugabantar ƙungiyar da ke kula da gidan. Gida ne mai ɗaki biyar a bayan tashar mota. Ofishinta na gaba yana kallon titi, ɗakunan ba da shawara suna baya, sai wani ɗan ƙuƙut da ake amsa waya a ciki. Iyaye da baƙi ta ƙofar gaba suke shigowa, su zauna a kan wani dogon benci mai ƙafa ɗaya gajera. Yara kuwa ta lungu suke bi, su tura wata ƙofar ƙarfe da ba ta buɗuwa sai ta yi kuka. Yaro ya shigo da abin da ke cin ransa, sau ɗaya ake rubuta sunansa. Daga nan a ba shi ɗan kati ruwan ɗorawa mai lamba, a bayansa a sa ranar da zai dawo.

Wannan tsari ba daga littafi ta ɗauko shi ba, kuskurenta ne ya haife shi. A shekararsu ta biyu wani mai gyaran taya ya zo mata yana hawaye, ya ce ya san ɗansa na zuwa nan, ta taimake shi da abin da yaron ke faɗi. Ta ga babba da gemu yana kuka, tausayi ya kama ta, ta gaya masa. Bawan Allah ya koma gida ya zazzage wa yaron komai a gaban ƙannensa. Yaron bai sake taka lungun ba, bayan wata biyu ya bar gida, har yau ba wanda ya zo mata da labarinsa. A makon ta zauna ta rubuta doka ta tara. Littafin sunaye da fayilolin yara su zauna a kabad ɗin ƙarfe mai kwaɗo biyu. Makulli ɗaya a hannun babbar mai ba da shawara, ɗaya a hannun shugaban kwamitin amintattu. Shugabar ƙungiya ba ta da makulli, ba ta da hurumin tambaya. Ba a kiran iyaye sai an ga ran yaro na cikin haɗari, kuma ko da za a buɗe fayil, sai an fara gaya wa mai shi. Har tagar ofishinta da ke kallon baya ta sa aka shafe da fenti. Duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa tagar nan, tana jin daɗin kanta.

To, ita ma tana da 'ya. Auta, shekararta goma sha tara, ita kaɗai ta rage a gabanta tun da mahaifinsu ya rasu, manyan kuma suka kama gabansu. Yarinyar ta dawo daga jami'a a tsakiyar zango ta ce hutu aka ba su, hutun kuma ya ƙi ƙarewa. Ta daina cin abincin kirki, ta daina amsa wayar ƙawayenta, ta wuni a ɗaki labule a sauke. Abin takaici, duk waɗannan alamomi suna cikin takardar da Mai Jan Biro ke raba wa iyaye duk ƙarshen wata, da hannunta ta jera su. A gidan wasu tana hango su daga bakin titi. A nata gidan sai ta ce lalaci ne irin na 'yan auta.

Ranar Asabar da safe ta ga 'yar ƙanwarta ta fita da littattafan zanen Auta, waɗanda ko taɓa su mutum ya yi sai an yi rigima. Wai kyauta aka ba ta, duka. Gabanta ya yanke ya faɗi, don rabar da abin da mutum ya fi so shi ne layi na ƙarshe a takardar tata, wanda ta ja wa jan layi biyu. Tana cikin wannan ta ɗauko kayan wanki, ta sa hannu a aljihun wata doguwar riga, sai ga ɗan kati ruwan ɗorawa. Ita ta zaɓi launin, ita ta yi ciniki da mai bugawa. A bayansa an rubuta Laraba, ƙarfe huɗu.

Ta mayar da katin inda yake, ta rataye rigar ba wanki. Da rana ta shiga ɗakin yarinyar ta zauna a bakin gado, ta sassauta murya, ta tambaye ta yaya take jin kanta a 'yan kwanakin nan, tana samun barci kuwa. Auta ta dube ta ta ce, “Mama, ni ba taron iyaye ba ce.” Ta juya wa bango fuska. Mai Jan Biro ta fito, ta kasa zaune ta kasa tsaye. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kada wata rana ta ƙwanƙwasa ɗakin nan ba a amsa ba.

Litinin tun kafin a share ofis ta tare Doguwa, babbar mai ba da shawara, wadda ita ta ɗauke ta aiki ta koya mata komai. Ta rufe ƙofa ta faɗi lambar katin. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce 'yarta ce, so take ta san ko yarinyar ta yi maganar mutuwa, ko ta faɗi yadda za ta yi. Doguwa ta sunkuyar da kai ta ce, “Anti, ba zan ce miki tana zuwa ba, ba zan ce miki ba ta zuwa ba.”

Wallahi da mari ta yi mata da ya fi sauƙi. Wannan jimla Mai Jan Biro ce ta tsara ta, ita take sa sababbin ma'aikata su maimaita har ta zauna musu a baki. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta tuna mata wanda ya tsaya mata lokacin da mijinta ya so hana ta aikin. Doguwa ko gezau. Abu ɗaya ta ƙara, cewa duk uwar da ya kamata a kira ana kiranta a take, ba a jira gari ya waye, kuma lambar Anti tana wayarta. Mai Jan Biro ta ji, amma bai shige ta ba. Iyaye nawa ta gaya wa haka a kan bencin nan, tana ganin ta kwantar musu da hankali?

Sai ta bi ta hanyar da ta fi sani. Ta kira taron gaggawa na kwamitin amintattu ranar Talata, ta buga takarda mai shafi biyu, ta sa mata kan magana wai inganta sa ido a kan ayyuka. A sakin layi na huɗu ta cusa abin da take so: shugabar ƙungiya na iya duba kowane fayil idan ta ga da buƙata. Ba ta ambaci Auta ba. Akwai kuwa doka ta uku, ita ma rubutunta, da ta ce duk mai wata buƙata tasa a cikin maganar da ake yi ya bayyana, ya fita daga ɗakin. Ta tsallake ta kamar ba ta taɓa ganinta ba.

Ta kwana da shirin gardama, ta tanadi amsar kowace tambaya. Ina! Mutum biyar ne kwamitin, huɗu suka zo. Likitan da kan ɗan yi musu tsaurin kai ya aiko da uzuri. Shugabansu, Tsohon Alƙali, dattijo ne mai kirki da ya fi shekara goma bai karanta abin da take miƙa masa ya wuce shafin farko ba. Ya ce ai abin da Malama ta kawo an riga an tace shi. Ba ta kai sakin layi na uku ba hannuwa suka tashi. Wata ma tana ɗaga hannu tana duba waya. Dattijon ya ciro makullin daga zoben makullansa, da ƙyar don ya yi tsatsa, ya ajiye mata a kan tebur, ya tambaya ko akwai shayi.

A nan ne jikinta ya yi sanyi. Ita ta zaɓo mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, kuma sai yau ta gane abin da ta duba wajen zaɓen: waɗanda ba za su ɓata mata lokaci ba. Ta yi shekaru tana gaya wa masu ba da tallafi cewa akwai kwamiti a kanta, ashe ba kowa a kanta. Ta so ko mutum ɗaya ya ce mata a'a, ko don ta sami wanda za ta yi wa ihu. Duk da haka ta sa makullin a jaka, don tsoron da ke cikinta ya fi kunyar ƙarfi.

Laraba da ƙarfe uku da rabi ta shiga ɗakin kabad da takardar kwamiti a hannu. Doguwa ta karanta har ƙarshe, ita dai ta karanta. Ta cire makullinta daga igiyar wuyanta ta ajiye a kan kabad ɗin.

“Kwamiti ya yi umarni, ga shi,” in ji ta. “Amma ba ku goge inda aka ce a fara gaya wa mai fayil ba. Duk mai lambar nan, in ya shigo, zan gaya masa shugaba za ta karanta. Sauran yaran ma zan gaya musu, don da alkawarin suka shigo.”

“In ta mutu fa? Ke za ki haifa min wata?”

“Ba zan iya ba, Anti. Amma in aka daina zuwa, ba ni da inda zan ga mutum balle na kira uwarsa.”

Ta fita ta bar ta da kwaɗo biyu da makulli biyu. Mai Jan Biro ta zura na farko, ya buɗe. Ta zura na biyu. Tsakaninta da abin da ke cikin kan 'yarta bai wuce juyi ɗaya ba, kuma ta tabbata in ta karanta za ta san abin yi, ita da ta yi shekara goma sha huɗu tana wannan aiki. Sai mai gyaran tayar nan ya faɗo mata a rai, yadda ya riƙe hularsa a hannu yana rantsuwa cewa sani kawai yake so ya yi, ba zai ce wa yaron komai ba. Shi ma da gaske yake, shi ma son ɗansa yake yi. A lokacin ta ɗauka jahilci ne ya kai shi.

Ƙofar lungu ta yi kuka. Ta duba agogo, huɗu saura minti biyu. Ta ji takun mutum a baranda, ta ji Doguwa ta yi sannu da zuwa, aka rufe ɗaki. Yara uku ke da ƙarfe huɗu a ranar Laraba, ba ta da hanyar sanin wanne ne. Ta zare makullin ba ta juya ba, ta mayar da kwaɗon farko ta datse. Ta ɗauki jan bironta ta soke sakin layi na huɗu, ta rubuta a gefe cewa shugaba ta karya doka ta uku, a sa maganar a taro na gaba, kuma lallai likita ya zo. Sannan ta zagaya gaba ta zauna a bencin iyaye kusa da wata mata da ke ta murza gefen gyalenta. Ba ta taɓa zama a kansa ba. Ashe haka yake girgiɗi.

Ta isa gida rana na shirin faɗuwa. Takalman Auta na bakin ƙofa, ɗakin a rufe, labule a sauke kamar kullum. Ta yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Ta wuce teburinta don ta ajiye jaka, sai ta tsaya cak. A cikin kofin da take zuba birukanta an soke ɗan kati ruwan ɗorawa, bayansa na kallon waje. An ja layi a kan tsohuwar ranar, a ƙasa an rubuta Laraba mai zuwa, ƙarfe huɗu, da rubutun Doguwa.

Ba ta taɓa shi ba. Ta tsaya tana ƙirga kwanakin da yatsa, bakwai ne, hawaye na zuba a kan takardun da ke gabanta. Ta share fuska ta je ƙofar ɗakin, ta ce za ta dafa shayi, ko a sa da ita.

“Kaɗan,” in ji Auta.