Kunun Inna Mai Ƙanshin Turare

Ko na tsufa na fara mantuwa, ba na jin zan manta ranar da na dama wa surukata Inna kunu a gwangwani, a tsakiyar fadama.

A shekarar kogi ya cika har ya yanke hanyar ƙauyensu, sai ga saƙo cewa ƙaninta na kwance. Inna ta ce ko da rarrafe sai ta je. Daga Haɗejiya mota iyakarta bakin ruwa, sauran tafiyar a ƙafa ce ta kan gaɓa. Ga shi Inna na da ciwon suga, in lokacin cin abincinta ya gota sai jiki ya ɗau rawa, ido ya yi duhu. Kuma ba ta cin abin saye, ba ta shan abu mai sanyi. Kunun tsamiya da zafinsa, shi ke nan magana.

Maigidana ya ce kowa jaka ɗaya zai goya, don hannuwa su samu riƙe Inna. "Tukunya kam ki manta da ita," in ji shi.

Na samu babban gwangwanin tumatir na hudahuda shi da ƙusa, ya zama murhu. Na wanke gwangwanin madara tas, na ajiye a taga ya bushe, na ce maigidana ya sa masa mariƙin waya. Na ƙulla gawayi, garin kunu da tsamiya, na haɗa da ludayin duma. Duka kayan girkina ba su kai nauyin buta cike da ruwa ba. Har ina jin kaina wata gwana.

Rana ta take muna tafe, sai Inna ta zauna gindin wata kanya, kusa da masunta masu gyaran koma. "'Yar nan, ƙafata ta fara rawa," ta ce. Na ga gumi a goshinta. Na yi maza na hura gawayi, na buɗe gwangwani. Ƙanshi ya bugi hancina.

A gidajenmu mace ba ta yar da gwangwanin madara. Ashe wanda nake ajiye turaren wuta a ciki shi ma yana kan tagar, da ragowar turare manne a gindinsa.

Na juya ga maigidana. "Malam, wane gwangwani ka ɗauka?"

"Wanda na gani mana. Ai duk kamarsu ɗaya."

Ba ni da lokacin mita. Na sa wa Inna dabino a baki, na ɗora gwangwanin haka nan a wuta don turaren ya ƙone. Hayaƙi ya turnuƙe, fadama ta gauraye da ƙanshi kamar ɗakin biki. Wani masunci ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, amarya kuka kawo mana ne?"

Inna, ido a lumshe, ta ce, "Ni ce nan, ɗana. Na ɗan daɗe a hanya ne." Suka kwashe da dariya.

Na dirje gwangwanin da yashi da toka, na tafasa ruwa na zubar, na sake tafasa na gorarmu, na dama. Duk da haka ƙanshin bai fita ba. Ga shi Inna ta taɓa mayar mini da kunu saboda ƙaurin hayaƙi kawai. In ta ƙi wannan, ban san abin da za mu yi ba. Na durƙusa na miƙa, ina salati a zuci.

Ta yi bismilla, ta kurɓa. Can ta ce, "Tun rasuwar babanku ban ƙara turara ɗakina ba. Ashe ƙanshin na nan yadda na bar shi." Ta shanye, ta miƙo ludayi. "Ƙaro, 'yar nan."

Kafin la'asar muka isa, ita ce ma a gaba. Ƙanin nata ya warke. Inna kuwa yanzu ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta, amma daga ranar har ta bar duniya ban bar ɗakinta ba turare ba.

Abin da na koya shi ne, dabara ba ta buƙatar kaya masu nauyi ko tsada, sai dai duk abin da ran wani ya rataya a kansa, ka duba da idonka kafin ka fita. In da hali ma, ka shinshina.