Ƙofar da Na Kankare

Tabon da ke saman girata ta hagu ba hatsarin aiki ba ne, ko da yake haka nake faɗa wa 'ya'yana. Wani tsoho ne ɗan shekara saba'in da 'yan kai ya yi mini shi da sufana, kuma saura ƙiris in kashe shi a ranar.

Ni fanal bita ne, mai gyaran jikin mota. A Ƙofar Ruwa ta Kano na koyi sana'a, kuma ba yabon kai ba, motar da tirela ta murƙushe in ta shigo hannuna sai mai ita ya rasa inda aka buga. Amma da na zo New York ba wanda ya tambaye ni wannan. Shekara shida ina shagon faci a Port Richmond, cire taya sa taya, mai shagon yana daka mini tsawa kamar shi ya haife ni. Ga ni da zuciya kamar ta kuturu. A gida kafin mutum ya rufe baki na ci kwalarsa. A nan kuwa haɗiyewa nake yi, don takarduna ba su gama fitowa ba, kuma irina in ya ɗaga hannu a ƙasar nan jirgi ne ƙarshensa.

Wata Asabar da hantsi ina bakin titi ina buge gefen motar wani abokina ɗan Nijar mai shagon kayan miya, sai ga tsohon ya fito daga gidan da ke kallon namu, riƙe da guntun bututun ƙarfe, yana ɗura mini ashar wai na hana shi sakat da ƙara. Bature ne gajere kakkaura, wuya kamar na sa, ya yi ritaya daga ɗakin injin jirgin fito. Na miƙe da gudumata a hannu. Muka tsaya hanci da hanci, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Sai idonsa ya sauka kan inda nake bugu. Ya sa tafin hannu ya shafa, ya sake shafawa, ya tambaye ni ko na sa fila, wato ƙullin nan da ake cike lotsawa da shi. Na ce masa guduma ce kawai. Ya yar da bututun ya ce in biyo shi.

A garejin bayan gidansa na ga abin da zai cinye mini shekara biyu. Gangar jikin wata 'yar mota ce mai zaman mutum biyu, ƙirar tun kafin yaƙin duniya na biyu, ba inji, ba gilashi, ba kujera, tana zaune kan itace. Ya ce irinta su suna ce mata hot rod. Samarin zamaninsu ne kan ɗauki tsohuwar mota su tuɓe mata duk wani nauyi, su rage tsawon rufin, su dasa mata inji mai silinda takwas, sannan su je su yi tsere. A zuciyata na ce wannan ai a Kano 'yan gwangwan ma sai an roƙe su. Amma da ya miƙo mini gudumarsa na ji nauyinta a hannu, wallahi ban iya cewa a'a ba. Daga ranar duk Asabar da Lahadi ina can, ina kiransa Baba.

Dokarsa ɗaya ce, duk abin da aka ƙera bayan ƙuruciyarsa ba zai shiga motar nan ba, ko da noti ne. Kuma ba da baki yake koyar da dokar ba. Na taɓa sayo masa sabuwar fitila mai sheƙi don in faranta masa. Ya karɓa, ya ajiye ta a ƙasa, ya ɗauki guduma ya ragargaza ta a gabana, ya ce in share gilashin. In noti ya ƙi kwancewa, sufana ce za ta tashi sama ta daki bango, kai dai ka iya sunkuyawa. Ran nan muka je kasuwar tsofaffin kayan mota a wani fili a New Jersey, shi da wani tsoho mai sanda suka kama kafireto ɗaya, wannan ya ja wancan ya ja, har Baba ya kai masa gwiwar hannu a haƙarƙari. Ni na raba su, ina dariya ina jan shi kamar rago.

Ranar da muka yanke rufi kuwa yaƙi aka yi. Muka auna yatsa huɗu a kowane ginshiƙi, na kunna injin yankan ƙarfe, tartsatsi ya cika garejin. Ana cikin haka faifan yankan ya fashe, ɓari guda ya tsaga mini damtse. Baba ya yage tsumma ya ɗaure, ya ce jini ba ya hana walda, in ci gaba. Muka sauke rufin, ya ƙi zama, na bi shi da wuta da guduma har la'asar. Shi ya koya mini cike gaɓa da narkakkiyar darma kamar yadda ake yi a da, ta ɗiga mini a ƙafa ta ƙona takalmi ta ƙona fata. Da muka gama ya zagaya motar sau uku yana neman inda aka haɗa bai samu ba. Ya dube ni ya ce, “Kai gwani ne.”

Shekara shida ba wanda ya faɗa mini haka. Na koma gida na shiga banɗaki na yi kuka, ƙato da ni. Tun daga ranar ba ni da wani buri da ya wuce in ga motar nan ta hau titi ina zaune kusa da shi, a nuna a ce wancan baƙin ne ya buge ta. Matata har tsokanata take yi, wai na samu uba a gari na manta da kowa.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, ƙofar direba. Duk jikin motar mun kankare shi mun gyara, ban da ita. Tsohon fenti ne a kanta, ja da ya koɗe ya koma kalar ƙasa, ga tsatsa a gindinta, ga wata lamba da aka rubuta da farin fenti a karkace, duk ta dusashe, da wani zane kamar kan zakara a gefe. Ko ɗan koyo ba zai yi wannan rubutun ba. Sau biyu ina ɗauko samfefa zan fara, yana cewa in bar ta, ba sai na taɓa ta ba. Kuma a hankali ya faɗa, ba da tsawar da ya saba ba.

To a nan na yi wautar. A wurinmu in babba ya ce maka bar shi, kada ka wahalar da kanka, ai kara ce yake yi maka. Ɗan halak sai ya jira ya ba da baya ya yi aikin, in ya dawo ya sa masa albarka. Haka na yi wa mahaifina, haka na yi wa maigidana a Ƙofar Ruwa. Da na ji muryar Baba ta yi laushi sai na ɗauka nauyina yake ji, ganin ba ko sisinsa nake karɓa ba. Bayan haka, wane fanal bita ne zai bari mota ta fita da tsatsa a ƙofa, a tambaya a ce aikin wa?

Aka kwantar da shi asibiti kwana uku za a yi masa aikin ido, ya bar mini garejin. Na cire ƙofar na ɗora kan benci. Na bi ta da injin gurza har sai da farin ƙarfe ya fito, lambar da zakaran suka zama jan ƙura a ƙasa, na share na zuba a shara. Na yanke gindin da ya ruɓe na sa sabon ƙarfe, na cike da darma, na goge, na fesa mata fentin farko. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba a rayuwata. Na mayar da ita na zauna ina jiransa, baki har kunne.

Ranar Litinin da azahar ya dawo, ido ɗaya a rufe da bandeji. Na buɗe masa garejin da kaina. Ya tsaya yana kallon ƙofar da ɗaya idon. Ya matsa ya shafa daidai inda lambar take a da. Ni kuwa ina bayansa ina zuba, ina ba shi labarin yadda na sha fama da tsatsar.

Ban ga lokacin da ya ɗauki sufanar ba. Ji kawai na yi wuta ta tashi a fuskata, jini ya rufe mini ido. Kafin in dawo hayyacina ya ƙara mini a kafaɗa, ya sake ɗagawa. Nan fa duk abin da na haɗiye a ƙasar nan ya taso. Na kama wuyan rigarsa na ɗaga shi na maka da jikin motar, na sa masa kai a hanci na ji ya ba da ƙara, na wurgar da shi. Ya faɗi a kan wani tsohon inji da ke ƙasa, hannunsa ya karye a nan take, na ga ya lanƙwashe inda ba gaɓa. Ban tsaya ba. Na ɗauki babbar guduma na durƙusa a kan ƙirjinsa na ɗaga ta. Jinina yana ɗiga a kan bandejinsa.

Bai kare fuskarsa ba. Ya dube ni ya ce, “Buga mana. Yayana ne ya rubuta lambar nan da hannunsa, yana ɗan shekara goma sha tara. Da sati ya zagayo aka ɗauke shi soja, ko gawarsa ba a kawo mana ba. Ba ni da hotonsa, ba ni da komai nasa sai ita.”

Gudumar ta zame daga hannuna ta daki siminti. Na ce masa don me bai faɗa mini ba tun farko. Ya ce ai ya ce in bar ta, sau biyu. Gaskiyarsa ce. Na yi gyaran gangar Auzinawa, kuma ba abin da zai dawo da ita, don motar shara ta kwashe ƙurar tun da safe.

Wata maƙwabciya da ta ji gumurzun ta kira 'yan sanda. Suka same mu a zaune a ƙasa, kowa jina-jina. Na sadakar, na ce yau kam sai Kano. Sai na ji Baba yana gaya musu wai ƙarfe ne ya kuɓuce mana muna ɗagawa, ya faɗo mana mu biyu. Suka dube shi suka dube ni, ba su yarda ba, amma ya kafe. Aka ɗinke ni, aka ɗaure masa hannu. Na ɗauka yafiya ce. Da muka fito daga asibiti na matso zan riƙe shi, ya ce in na sake taka ƙofar gidansa sai ya fasa mini ɗaya girar.

Duk da haka na bi hanyar da na sani. Na ɗauki abokin nan nawa ɗan Nijar, dattijo ne mai furfura da iya magana, muka sa manyan kaya muka je ba da haƙuri. Ko zama ba mu yi ba. Ya fito da ƙarfen jak a hannunsa mai lafiya ya biyo mu har bakin titi, dattijon ya bar takalmi ɗaya a can. Kashegari da safe matata ta buɗe ƙofa za ta kai yara makaranta, ta tarar da ƙofar motar a kan matattakalarmu, an yanka ta gida huɗu. Da hannu ɗaya ya yi wannan aikin.

Muka zama sai kallo daga nesa. Ina jin ƙarar guduma daga garejinsa duk Asabar, ina gane bugun da bai yi daidai ba, hannuna yana ƙaiƙayi, ba damar zuwa. Wannan ya fi mini ciwon sufanar zafi.

Bayan shekara guda da wani abu, cikin sanyin Nuwamba, ina durƙushe a gaban shagon faci ina kwance taya da rana tsaka, sai na ji wata ƙara ta taso daga ƙasan titi, gilasan shaguna suna rawa. Mutane suka firfito da wayoyi suna ɗauka. Motar ce, baƙa wuluk, a durƙushe kamar kyanwa za ta kama ɓera. Danja ta tsayar da Baba daidai inda nake.

Gefen direba a buɗe yake, babu ƙofa sam. Ya tsufa ƙwarai, ya rufa wani tsohon bargo a gwiwa, iska tana kaɗa shi. A kujerar gefensa ba kowa. Na miƙe da sufana a hannu, na ce, “Baba.”

Na san ya ji ni, don na ga muƙamuƙinsa ya motsa. Bai juyo ba. Danja ta ba da hannu, ya gyara bargon, ya sa giya ya wuce.