Tantin da Muka Ɗinka da Atamfar Kamfe

Shekarar da sojoji suka koma bariki, mu ma 'yan matan ƙungiyar matasan cocinmu a unguwar Television muka ce a ba mu namu 'yancin. Kowace damina samari su tafi kwana a gindin dutse can hanyar Kachia, su dawo suna cika mana baki, mu kuwa a bar mu da sharar coci. Haba! Muka tafi wajen Baba, tsohon sajan ɗin da ke koya mana fareti, muka ce bana ƙafarmu ƙafarsu.

Ya dube mu sama da ƙasa, ya ce, "Tanti ɗaya gare ni, na maza ne. Ku nemo naku. Amma in ya yi yoyo, ku tattara ku koma gida, kuma kada wadda ta sake tayar mini da zancen nan."

Mahaifina a masaƙa yake aiki, a Kakuri. Shi ya samo mana ragowar atamfar kamfe ta wani ɗan takara da ya sha ƙasa, wadda ko kyauta ba mai so. Mama ta hau keken ɗinki ta haɗa mana. Mu kuma muka bi yadin da kyandir muna gogawa har hannuwanmu suka yi kanta, don wata a cikinmu ta rantse ruwa ba ya ratsa inda aka shafa kyandir.

Ranar da muka kafa shi a gindin dutsen, wayyo Allah! Ko'ina ka duba fuskar mutumin nan ce, yana washe baki da doguwar hularsa, wani wurin ma kansa a ƙasa. Samari suka dinga birgima don dariya, suna sara wa tantin suna "Ranka ya daɗe!" Na zari turke zan jefi ɗaya, aka riƙe ni. Ni ma daga baya dariyar ta ci ƙarfina.

Da yamma hadari ya haɗo, muka ruga ciki. Kyandir ɗinmu bai yi wani abin kirki ba. Da fari ɗigo-ɗigo, can sai ruwa kamar da bokiti. Ashe rinin ma na banza ne. Na juya na ga ƙawata ta koma koriya shar tun daga goshi har wuya, ita ma tana nuna ni da yatsa. Muka toshe baki muna ƙyalƙyala dariya. Amma wallahi ba na son komawa gida, ko kaɗan ba na so.

Sai ga muryar Baba daga waje. "'Yan mata! Yana yoyo?"

"A'a, Baba!" Baki ɗaya muka faɗa.

Ya ɗaga ƙyallen ƙofa ya leƙo. Koren ruwa na ɗiga a kan hularsa, mu kuma mun ƙame kamar a fareti, haƙora na kaɗawa. Ya daɗe yana kallonmu, gashin bakinsa na motsi. Can ya tsayar da ido a kaina.

"Ke mai baki, mene ne wannan a jikinki?"

"Zufa ce, Baba."

Ya saki ƙyallen. Muna jin takunsa a cikin taɓo, sannan ya daka wa samarin tsawa: "Kai, ku nemo busasshen itace ku hura wuta! 'Yan matan nan zufa ta kusa kashe su."