Malam Almu da Matar da ke Cikin Bango

Idan aka yi ruwa a Katsina, kowa yakan gode wa Allah, ya leƙa rufin ɗakinsa ya ga ko ya yi yoyo. Malam Almu kuwa sai ya jira gari ya waye sarai, ya ɗauki kwando da 'yar fartanya da farin ƙyallen da matarsa Ma'u ta yanka masa, ya fita daga gidansa na Ƙofar Durbi, ya nufi wani guntun ganuwa da ya rage can bayan Ƙofar Sauri. Kafin ya taka gindin ganuwar yakan tuɓe takalmi, ya yi sallama a ladabce kamar mai shiga gidan surukai, ya ɗan dakata. Babu mai amsawa sai kurciya, sai wani tsohon damo da ke leƙowa daga kogon bango. Duk da haka bai taɓa shiga ba tare da ya dakata ba.

Abin da yake nema ba ya wuyar gani. Ruwa yakan zaizaye ƙasa ya fito da mutanen da aka binne a wurin tun zamanin da babu mai tunawa: gaɓar yatsa a nan, haƙori a can, wani lokaci ƙoƙon kai rabinsa a waje, idonsa cike da laka. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe, ya haƙa rami, ya mayar da su, ya yi addu'a. Sannan ya koma gida ya yi wanka ya zura babbar riga, domin ƙarfe tara baƙi za su iso. Aikin da duniya ta san shi da shi ke nan, jagoran masu yawon buɗe ido, shekara talatin da shida.

Wasu kan tafi Yankari ganin giwa, wasu su je bakin teku a Legas su jiƙa ƙafa su ɗauki hoto su dawo suna ba mu labari har mu gaji. Waɗanda Allah ya nufo Katsina kuwa, ɗalibai ne ko ma'aikata ko Turawa masu faffaɗar malafa, galibi a hannun Malam Almu suke faɗawa. Ya kai su hasumiyar Gobarau, ya tsaya daga sama yana yi wa samari dariya suna haki a matakala. Ya zaga da su ƙofofin gari, ya rufe da guntun ganuwar nan. A nan suke jingina da bango suna murmushi ana ɗaukar su hoto, ba su san abin da aka kwashe daga ƙarƙashin ƙafarsu da safiyar nan ba. Babu wanda ya ɗauke shi wannan aikin na safe, kuma bai taɓa faɗa wa baƙo ba.

Joshua, direban da ke kawo masa baƙi, mutumin Kagoro da ya tsufa a Katsina, shi ne ya fara ganewa. Ya ce: "Wata rana na yi sammako na same shi a durƙushe yana yi wa ƙasa magana, yana ba ta haƙuri. Na koma mota na kulle ƙofa, na yi addu'ata irin tamu. Da ya gama ya zo ya gaishe ni kamar daga shan koko ya fito."

Wadda yake ba haƙuri ran nan mace ce. Wani babban ruwa ne ya buɗe ta gaba ɗaya, a kwance, ƙasusuwanta sun yi laushi suna marmashewa kamar ɓawon gyaɗa, da zoben tagulla a yatsa wanda ya koma kore don daɗewa. Wasu dattawa suka ce zoben ya nuna wataƙila ba Musulma ba ce, ya bar ta kawai. Malam Almu ya ce: "Tsakaninta da Ubangijinta ban sani ba. Ni dai na san mutum ce." Ya zaɓar mata wuri mafi kyau, inda jar ƙasa take da danƙo ruwa ba ya cin ta. Bai sa dutse ko fasasshiyar tukunya ba, don kada alama ta jawo masu neman ƙasar kabari su yi sihiri. Da zai rufe ya ce mata: "Baiwar Allah, ki yi haƙuri. In dai ina da rai ba mai sake tashin ki."

Kai ne, Malam, mai ɗaukar wa matacce alkawari ka riƙe shi fiye da yadda muke riƙe na masu rai. Sai dai kowane gwani da inda yake zamewa, kai kuma bakinka ne. Akwai wata magana da kake ji da ita. In ka kawo baƙi wurin, sai ka ƙwanƙwasa bangon ka ce: "Kun ga wagga ƙasa? Ta hi siminti. Wanda duk ya yi ɗaki da ita, jikokinshi za su kwana ciki." Baƙi su jinjina kai, kai kuma ka ji daɗi. Shekara da shekaru kana faɗa, bai taɓa zo maka a rai ba cewa wata rana wani zai ɗauki maganar da gaske.

Shekara tara da suka wuce, da rani, zazzaɓi ya kwantar da Malam Almu sati biyar. Ran da ya fara fita, yana dogara sanda, ya yi sallamarsa ya dakata, ya ɗaga kai. Inda ya ajiye matar babu komai sai wani ƙaton rami da sawun tifa. Ya shiga ramin ya bi shi da tafin hannu har azahar. Ko ƙwayar haƙori bai samu ba. Ma'u ta ce kwana uku bai ci tuwo ba, in ta yi magana sai ya ce: "Ni na kira su."

Daga nan ya shiga nema. Ya tambayi direbobin tifa, ya tambayi magina da masu jakuna. Kowa ya ce bai sani ba, domin wa zai yarda ya ɗebi ƙasar ganuwa? In ya sallami baƙi sai ya bi lunguna yana duban bangon mutane, har aka fara raɗe-raɗin zazzaɓin ya taɓa masa kai. Wata goma sha huɗu yana wannan yawo. A ƙarshe Joshua ne ya tuna da wani ɗan gari da ya taɓa rako abokansa 'yan Legas, ya dinga tambaya a kan ƙasar fiye da tarihin. Alhaji Sagir sunansa, mai sayar da yadi.

Alhaji Sagir ba mugun mutum ba ne. Ya gina gida na bulo da siminti, mahaifiyarsa Hajiya Safiya ta ce ita ba za ta gasu a cikin tanda ba, ɗakin ƙasa take so irin wanda ta tashi a ciki. Ya tuna maganar Malam, ya ce uwarsa ba za ta kwana a ƙasar banza ba. Aka kawo masa ƙasar ganuwar a tifa, leburori suka jiƙa ta, suka tattake da ciyawa, suka yi tubali. Babu wanda ya kula da fararen ɓurɓushin da ke ciki.

Malam Almu ya same shi a zaure. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da kasuwa da zafi, aka sake gaisawa. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Fuskar Alhaji ta canza.

"Malam, ina ganin girmanka. Amma mi kake so in yi? In rushe ma tsohuwa ɗaki don wani ƙashi da ba wanda ya gani?"

"Ni na gani, Alhaji. Da hannuna na sa ta."

"To Allah ya jiƙanta inda take. A gaida gida."

Malam bai yi musu ba, bai kai ƙara ko'ina ba. Bayan ɗakin yana kan lungu, don haka washegari da hantsi ya zo ya tsaya a gindin bangon, ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya dakata, ya yi addu'a, ya tafi. Kashegari ma haka. Mata masu wucewa suka fara canza hanya. Mai sayar da ƙosai da ke zama a inuwar bangon ta kwashe kaskonta ta koma gaba. Ran kwana na ashirin da uku, yana gama sallama, sai ya ji an amsa daga cikin bangon, muryar mace, a hankali. Ya ja da baya, ya ɗaga kai. Ashe Hajiya Safiya ce ta wata 'yar taga. Ta ce ya zagayo zaure.

Tsohuwar ta zauna a bayan labule, ɗanta yana gefe yana kallon ƙasa. Ba ta bari an gama gaisuwa ba.

"Malam, mace ce ko?"

Malam ya dubi Alhaji. Alhaji ya girgiza kai, alamar bai taɓa gaya mata komai ba.

"Mace ce, Hajiya."

"Na sani. Tun da na shiga ɗakin nan, in na shimfiɗa darduma sai in ga na matsa gefe na bar wuri. In na ɓare goro sai in ga na aje rabi. Na ce ko tsufa ne. Ba ta taɓa ba ni tsoro ba, Malam, mai haƙuri ce. Amma ba nan take son zama ba." Ta juya wajen ɗanta. "Sagiru, gobe ka kira masu rushewa."

"Inna, ina za ki zauna?"

"Cikin tandar taka. Ni ina da inda za ni koma. Ita hwa?"

Aka rushe. Malam Almu ya hana a sa injin. Aka farfasa tubali da taɓarya, shi da Joshua da Alhaji Sagir suka zauna a tsakar gida da rariya, suna tankaɗe ɗaki guda. Maƙwabta suka tsaya daga nesa suna kallo. Farar ƙwarya tana gefe, ana jefa abin da aka samu, ɗan wannan, ɗan wancan. Ran kwana na tara wani abu ya yi ƙara a rariyar Alhaji. Ya ɗaga, zoben ne. Babban mutum, mai shaguna uku, ya fashe da kuka a gaban leburorinsa. Aka mayar da matar wurinta da duk ƙasar, aka haƙa mai zurfi, aka danne da duwatsu. Hajiya Safiya ta koma ɗakin siminti, ta yi shekara huɗu a ciki tana fifita tana mita, har Allah ya karɓi abinsa.

Bana gwiwa ta ƙi, Malam Almu ya ajiye aiki. Babu taro, babu takardar yabo. Joshua ne ya kawo lemo, aka zauna a zaure mutum shida. Kai ne ka nuna wa dubban baƙi darajar garin nan, Malam, ka kuma rufa wa mutanen da ba su da kowa asiri ba tare da ka san ko sunan ɗaya ba. Mun gode. Allah ya saka maka, ya sa a samu mai rufa maka kamar yadda ka rufa. Mu kuma da muke zuwa wuraren tarihi da waya a hannu, mu riƙa tambayar wa ke kula da su, mu gaishe shi. Matasan Ƙofar Sauri, damina tana tafe, ruwa ba zai fasa aikinsa don tsoho ya gaji ba.

A zaman zauren nan ne wani ya ce masa ai yanzu hankalinsa ya kwanta, ya cika alkawari. Malam Almu ya girgiza kai. Sannan ya ce:

"Ban cika ba. Abin da munka samu bai kai rabinta ba. Na auna ramin nan da ƙafata tun ranar farko. Tifa biyu anka ɗiba, Alhaji guda ya karɓa."

Babu wanda ya sake taɓa lemonsa.

Don haka idan kana da ɗakin jar ƙasa a cikin Katsina wanda aka gina da ranin shekara tara da suka wuce, kuma ba ka tambayi inda aka samo ƙasar ba, Malam Almu yana zaurensa a Ƙofar Durbi kullum bayan La'asar. Ya ce a gaya maka ba zai yi faɗa ba.